Kwafin ajiya ya ƙi ɗaukuwa daga saba ta biyu, ga faifan log yana cikewa

Abba Kawo, Talata 9:12 na safe

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da safiya. Tun ranar Asabar nake fama da wata matsala, na rasa ta inda zan ɓullo mata.

Ofishinmu yana wajen titin Ali Akilu. Muna da Exchange 2016, manhajar imel ta Microsoft, a kan sabobi biyu da aka haɗa cikin DAG ɗaya, wato haɗin da kowace saba ke riƙe da kwafin ko-ta-kwana na rumbunan 'yar uwarta, sai sabar fayiloli da ke matsayin shaida, mai raba gardama tsakaninsu. Rumbunan imel huɗu ne, DB1 zuwa DB4, akwatuna kusan 300. Manhajar da ke ɗaukar kwafin ajiya tana kan wata na'ura daban, tana shiga da asusunta na musamman ƙarfe 11 na dare, kuma tana ɗauka ne daga duk sabar da rumbu yake aiki a kanta.

Ranar Asabar da daddare aka yi ruwa da iska, aka ɗauke wuta, janareta bai tashi da wuri ba, batirin UPS na saba ta ɗaya ya kasa riƙewa ta mutu. Rumbunan duka suka koma saba ta biyu, imel bai tsaya ba. Ranar Lahadi na je na kunna ta ɗaya. DB1 da DB2 suka koma mazauninsu da kansu, DB3 da DB4 suka tsaya a ta biyu. Tun daga daren nan kwafin DB1 da DB2 yana tafiya lafiya, na DB3 da DB4 kuwa kullum amsa ɗaya: "Access is denied", lamba 0x80070005.

Abin da ya hana ni barci shi ne faifan log na saba ta biyu, inda Exchange ke tara fayilolin da yake fara rubuta saƙonni a ciki, waɗanda ba sa raguwa sai kwafin ajiya ya tafi. 60 GB ne, saura 27 GB, kuma ranar aiki yana cin wajen 12 GB. In ba a yi wani abu ba, Alhamis da yamma zai cika. Don Allah a taimaka.

Ɗan Rigasa, 9:20

Wa alaikumus salam Abba. Saka asusun manhajar kwafin cikin Domain Admins, rukunin masu cikakken iko a kan duk na'urorin ofis, ka sake kunna sabis ɗin manhajar, ka tura kwafin yanzu. In bai tafi ba ka zo ka same ni.

Hajiya Rabi, 9:31

Abba, kada ka yi haka. Ɗan Rigasa, ka yi haƙuri, amma wannan shawarar ba zan iya yin shiru a kanta ba. Kalmar sirrin wannan asusun a ajiye take cikin manhajar kwafi, ba a canja ta sai a shekara, babu wanda ke lura da shigarta da fitarta tsakar dare. Masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa sabar kwafi suke fara nema, don in sun lalata ajiyar ba ka da abin dawowa. In suka same ta kuma suka tarar da asusun da ke mulkin domen gaba ɗaya, ka ba su gidan da makullansa.

Ɗan Rigasa, 9:36

Hajiya ban ce ya bar shi har abada ba. Yaron nan kwana biyu ya rage masa. A fara kashe wutar tukuna, bincike ya biyo baya.

Hajiya Rabi, 9:41

Na shiga ofisoshi da yawa a garin nan duba tsaro, ban taɓa ganin inda aka saka asusu "na ɗan lokaci" aka dawo aka cire ba. Da zarar ya yi aiki an manta. Kuma ainihin ciwon yana nan a ɓoye.

Injiniya Yohanna, 10:05

Barkanku. Abba ƙanena, kwantar da hankalinka, kwana biyu lokaci ne mai yawa in aka bi abin daki-daki.

Wannan lambar 0x80070005 ba ta Exchange ba ce, ta Windows ce, kuma ma'anarta ɗaya a ko'ina: an hana wani yin wani abu. Ba ta faɗi wanda aka hana ba, ba ta faɗi a wace ƙofa ba. Kwafin rumbun Exchange yana bi ta ƙofofi uku. Ta farko, manhajar ta isa sabar ta gabatar da kanta. Ta biyu, sabar ta yarda asusun yana da ikon girka wakilinsa da kiran VSS, wato sashen Windows da ke daskarar da faifai na ɗan lokaci a ɗauki hotonsa. Ta uku, VSS ya nemi marubucin Exchange ya tsayar da rubutu a rumbun har a gama ɗaukar hoton. Kowace daga cikinsu tana iya ba ka wannan amsar.

Ka shiga saba ta biyu ka turo mana abu uku. Na farko `vssadmin list writers`, ka nemo Microsoft Exchange Writer ka gaya mana halinsa. Na biyu `Get-MailboxDatabaseCopyStatus *`. Na uku, ka buɗe Event Viewer sashen Security daidai ƙarfe 11 na daren jiya ka nemo sunan asusun, ka ga ko 4624 ne, wato ya shiga, ko 4625, wato an ƙi shi.

Musa Kakuri, 10:14

A ƙara da duba agogo. Bayan ɗauke wuta irin wannan na sha ganin saba ta tashi da lokacin da ba daidai ba saboda ƙaramin batirin allonta ya ƙare. Kerberos, tsarin da Windows ke tantance masu shiga da shi, ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5 in ba an canja masa ba. `w32tm /query /status` a sabobin biyu da ta kwafin.

Abba Kawo, 10:48

Na gode Oga Yohanna, na gode Malam Musa. Agogo daidai yake, bambancin bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

Marubucin Exchange a saba ta biyu yana nuna Stable, No error.

A Security, 4624 ne, nau'in shiga na 3, ƙarfe 11:00 daidai. Babu 4625 ko ɗaya.

Amma na ga abin da ban lura da shi ba. Kwafin ko-ta-kwana na DB3 da DB4 da ke kan saba ta ɗaya duka suna FailedAndSuspended, wato sun lalace sun tsaya, layin log da ke jiran a kwafa ya haura dubu 20 idan aka haɗa su.

Injiniya Yohanna, 11:10

Madalla, yanzu an fara gani. Matsala biyu gare ka, ba ɗaya ba, kuma sai ka raba su a ranka.

Ta farko, abin da ya sa DB3 da DB4 ba su koma gida ba. Tun sabuntawa ta CU2, Exchange 2016 yana mayar da rumbu sabar da aka fifita masa da kansa, duk awa ɗaya yana dubawa. Shi ya mayar da DB1 da DB2. Sauran biyun bai iya ba saboda kwafinsu na saba ta ɗaya ya samu rauni lokacin da wuta ta yanke mata.

Ta biyu, hana shiga. 4624 na nufin kalmar sirri daidai ce, asusun ba a kulle yake ba, maigadi ya gane shi ya buɗe masa ƙofar waje. Marubucin kuma yana zaune lafiya ba tare da kuskure ba, alamar ba a ma kai gare shi ba. To a ƙofa ta biyu aka tare shi. Daga sabar kwafi, buɗe tagar umarni da sunan asusun ta `runas`, ka gwada `dir \\SABA1\admin$` sannan `dir \\SABA2\admin$`. Sai ka kwatanta `net localgroup administrators` a sabobin biyu.

Hajiya Rabi, 11:18

Yayin da kake can, duba sashen System ko akwai lamba 10036. Microsoft sun tsaurara DCOM, hanyar da manhaja ke kiran wata manhajar a wata na'ura, a matakai, suka fara a Yunin 2021, suka kunna shi ga kowa a Yunin 2022, daga Maris 2023 kuma babu damar kashewa. Tsofaffin manhajojin kwafi da yawa sun riƙa samun wannan amsar a dalilinsa. Ba na zaton shi ne, tunda da shi ne da sabobin biyu sun ƙi tare, amma minti ɗaya zai ɗauke ka ka kawar da shi.

Malam Sabi'u, 11:40

Abba, ban zo da maganin hana shigar ba, Yohanna yana kan hanya. Na zo in roƙe ka abu ɗaya. Duk yadda faifan nan ya matse, kada hannunka ya kai ga share fayilolin log.

Shekarun baya, zamanin Exchange 2010, ina aiki a wani kamfani a Kakuri. Faifai ya cika ranar Juma'a ana shirin tafiya masallaci, manaja yana tsaye a kaina. Na buɗe jakar na ga dubban fayiloli, kowanne 1 MB, sunayensu iri ɗaya, E00 da jerin lambobi. Na zaɓi na kwana biyun ƙarshe har da na ranar na share. Rumbun ya sauka, na ce ya hau ya ƙi. `eseutil /mh` ya nuna Dirty Shutdown, ya kuma lissafa lambobin log da yake buƙata, su ne waɗanda na share da hannuna. Kwana uku muka yi a ɗakin saba muna gyara. Akwai wasiƙun sashen kuɗi da ba su dawo ba har na bar wurin, kuma matar da ke riƙe da sashen ta yi kuka a gabana.

Exchange ba ya rubuta saƙo kai tsaye cikin rumbu. Yana fara rubuta shi a log, daga baya ya shigar. Fayil ɗin da kake gani kamar shara wataƙila shi kaɗai ke riƙe da saƙon da aka aiko ɗazu.

Nafisa, 11:52

Baba Sabi'u Allah ya ƙara girma. Ni ɗaliba ce, ina koyon aikin ne a wani ofis a Malali. Ina da tambaya. Na karanta cewa in aka kunna circular logging Exchange yana share tsofaffin log da kansa. Me zai hana Yaya Abba ya kunna shi ya samu wuri?

Injiniya Yohanna, 12:15

Tambaya mai kyau Nafisa. A sabar da take ita kaɗai zai iya ba shi wuri. A DAG kuwa akwai sharaɗi: ba a goge log daga rumbu mai aiki sai kwafin ko-ta-kwana ya karɓe shi ya tabbatar. Kwafin Abba na saba ta ɗaya a tsaye yake, bai karɓi komai ba tun Asabar, don haka saba ta biyu za ta ci gaba da riƙe masa su, an kunna circular logging ko ba a kunna ba. Ga shi kuma yana hana ɗaukar kwafin ƙari na kullum, sai cikakke kawai.

Wannan sharaɗin ya shafi kwafin ajiya ma. Abba ka ji da kyau: ko yau da daddare kwafin ya tafi lafiya, log ɗin ba zai ragu ba sai ka gyara kwafin da ke saba ta ɗaya. Mutane da yawa suna gyara ɗaya su zauna jiran faifai ya sauka, ya ƙi.

In sabobin na cikin Hyper-V ko VMware ne, ƙara wa faifan girma yanzu ka sayi lokaci.

Abba Kawo, 1:05 na rana

Baba Sabi'u, wallahi jiya da daddare na buɗe jakar har na zaɓi fayilolin, sai zuciyata ta ƙi. Na gode Allah da ka yi magana.

Na ƙara wa faifan 40 GB. Babu 10036, Hajiya.

Oga Yohanna, ka gano ta. admin$ na saba ta ɗaya ya buɗe, na ta biyu ya ce Access is denied. A ta ɗaya rukunin Administrators yana da Administrator, Domain Admins, rukunan Exchange biyu, wato Exchange Trusted Subsystem da Organization Management, da asusun kwafi. A ta biyu Administrator da Domain Admins da wani rukunin masu gyaran kwamfutocin ofis kawai. Na saka asusun da hannu, na tura kwafin gwaji na DB4, ya tafi har ƙarshe. Alhamdulillah. Bari in yi azahar in dawo kan kwafin da ya tsaya.

Ɗan Rigasa, 1:12

To ai ga shi. Da ka bi tawa da tun ƙarfe 9 an gama, tunda Domain Admins na cikin rukunin.

Hajiya Rabi, 1:30

Da an gama, da kuma babu wanda zai san Exchange Trusted Subsystem ba ya cikin rukunin. Ka sake karanta jerin da ya turo. Exchange da kansa yake saka wannan rukunin da Organization Management cikin Administrators ranar da aka girka shi. Ba sa fita da kansu. Wani abu ya cire su, kuma ni hankalina bai kwanta ba sai an san mene ne. Abba, ka taɓa samun kuskure in kana duba saitin saba ta biyu daga shafin gudanarwa?

Abba Kawo, 2:20

Ƙwarai Hajiya. Wata biyu ke nan in na buɗe saitin OWA, shafin karanta imel ta burauza, na saba ta biyu yana ba ni kuskuren IIS, sashen Windows mai riƙe shafukan, mai cewa an hana shiga. Na ɗauka ƙaramin abu ne tunda imel yana tafiya. Na mayar da rukunan biyu yanzu da hannu. Na gwada Resume a kan DB3 da DB4, sun koma Failed nan take, zan sake shuka su gobe, wato in kwafo su sabo daga saba ta biyu, in kwafin dare ya yi kyau.

Abba Kawo, Laraba 6:40 na safe

'Yan uwa, ya sake ƙi. Ƙarfe 11 na dare, DB3 da DB4, lamba ɗaya. Bayan asuba na shiga daga gida na duba rukunin, duk ukun da na saka jiya babu su. Ni kaɗai nake da ikon shiga sabar nan sai ogana, shi kuma yana Abuja. Jikina ya yi sanyi. Ko wani ne ya shigo mana?

Hajiya Rabi, 6:58

Tsoron naka a kan hanya yake, amma kafin ka tada hankalin ofis, je Security ka tace da lamba 4733, ita ce ake rubutawa duk lokacin da aka cire wani daga rukunin na'ura. Duba lokacin, ka duba sunan wanda ya cire. In sunan mutum ne, ka kira ni a waya mu yi wata maganar. In SYSTEM ne ko sunan sabar da alamar dala a ƙarshe, to doka ce ke aikinta.

Abba Kawo, 7:15

4733 guda uku a daƙiƙa ɗaya, ƙarfe 2:41 na ranar jiya. Sunan sabar ne da alamar dala.

Injiniya Yohanna, 7:44

Shi ke nan, Group Policy ne, dokokin da domen ke ɗora wa na'urorinsa. Kowace na'urar domen tana komawa ta karɓi dokokinta duk minti 90, da ɗan ƙarin da bai wuce minti 30 ba. Akwai saitin da ake kira Restricted Groups. Yana da fuska biyu. Ɗaya tana cewa "ƙara wannan rukunin cikin wancan", ba ta taɓa kowa. Ɗayar tana cewa "waɗannan su kaɗai ne 'yan rukunin", duk wanda ba ya cikin jerin a fitar da shi. Ta biyun ake sa wa kwamfutocin ma'aikata don kada kowa ya mai da kansa mai iko a kan na'urarsa, kuma abu ne mai kyau a can. Jerin da ka turo jiya, mai ɗauke da rukunin masu gyaran kwamfutocin ofis, kamanninsa ke nan.

Gudu `gpresult /r /scope computer` a sabobin biyu. Layin farko-farko zai nuna maka OU ɗin da kowace take zaune, wato jakar da aka ajiye ta a domen, ƙasa kuma dokokin da suka hau kanta.

Abba Kawo, 8:30

Innalillahi. Saba ta ɗaya tana cikin OU na sabobi. Ta biyu tana cikin OU na kwamfutocin hawa na biyu, tare da na sakatarori.

Na tuna yadda aka yi. Wata biyu da suka wuce mun yi gyaran Active Directory, kundin asusai da na'urorin domen, muka kwashe duk na'urorin da ke zube a jakar Computers muka rarraba su. Saba ta biyu tun da aka girka ta a can aka bar ta, sunanta kuma ya yi kama da na kwamfutocin hawa na biyu. Ni na ja su gaba ɗaya na zuba. Kwafi bai taɓa kuka ba saboda duk rumbunan suna aiki a saba ta ɗaya, manhajar ba ta da abin nema a ta biyu. Sai da wuta ta tilasta.

Malam Sabi'u, 8:41

Kada ka zauna zargin kanka. Ka faɗi gaskiya a gaban mutane, da yawa ba sa iyawa. Abin lura shi ne wata biyu kuna zaune da saba ta biyu da ba a taɓa gwada ta ba. Amfanin DAG shi ne kowace saba ta iya ɗaukar nauyin 'yar uwarta, to duk izinin da ɗaya take da shi dole ɗayar ta samu, har ta goma sha shida in kuna da su, tunda iyakar DAG ke nan. Ni duk wata nakan matsar da rumbu ɗaya zuwa ɗayar sabar da gangan in bar shi ya kwana, in ga kwafin dare ya same shi a can.

Ɗan Rigasa, 8:55

Na karɓa Hajiya. Da ya bi tawa, da kwafi ya tafi, Trusted Subsystem yana waje ba a sani ba. Amma ina da tambaya ta gaske. Asusun da yake Administrator a kan sabobin imel duka biyu, ai shi ma in aka sace an kwashi wasiƙun kamfani. Ina bambancin?

Hajiya Rabi, 9:20

Ba ka yi ƙarya ba, shi ma babban asusu ne, kuma a wurin da ke da Exchange tazarar ba ta kai yadda mutane ke zato ba, domin sabobin Exchange suna da iko mai yawa cikin Active Directory. Amma ɓarawon da ya sami Domain Admins ya gama aiki a take. Wanda ya sami na saba yana da sauran matakai, kowane mataki kuma dama ce ta a gan shi. Sannan akwai abin da za ka ɗaure asusun da shi: a hana shi shiga ta allo ko ta Remote Desktop, a ba shi doguwar kalmar sirri da babu mai haddace ta, a sa ƙararrawa in ya shiga daga wata na'ura ban da sabar kwafi.

Gargaɗi ɗaya, don na ga an yi: kada a saka shi cikin Protected Users da niyyar ƙara tsaro ba tare da gwaji ba. 'Yan wannan rukunin ba sa iya shiga da NTLM, tsohuwar hanyar tantancewa ta Windows, kuma in manhajar tana kiran sabar da lambar IP maimakon suna, NTLM za ta nema. Sai ka sake ganin an hana shiga ka rasa dalili.

Injiniya Yohanna, 9:48

Abba, ga yadda zan bi in ni ne. Mayar da sabar OU na sabobi, ka yi `gpupdate /force`, ka sake gudun gpresult ka tabbatar dokar kwamfutocin ofis ta sauka daga kanta. Ka duba rukunin da idonka, duk wanda babu cikin ukun ka mayar. Asusun kwafin kuwa, gara ka ƙirƙiri rukuni a domen ka saka shi ciki, ka sa doka a OU na sabobin imel ta riƙa ƙara rukunin da fuska ta farko, mai ƙarawa ba mai sharewa ba. Ranar da kuka kawo saba ta uku za ta samu da kanta.

Ka jira awa biyu ka sake duba rukunin kafin ka yarda. Sai ka ɗauki cikakken kwafin DB3 da DB4 tun da rana, kada ka jira dare, domin a yanzu waɗannan rumbunan kwafi ɗaya tak suke da shi a duniya, na ƙarshe mai kyau kuma na DB3 tun daren Juma'a ne. Bayan ya kammala sai ka sake shuka na saba ta ɗaya da `Update-MailboxDatabaseCopy` tare da `-DeleteExistingFiles`, ɗaya bayan ɗaya, bayan an tashi daga aiki don kada netwok ya yi nauyi. Kafin nan duba lafiyar faifan saba ta ɗaya. Ba banza kwafi biyu suka lalace a dare ɗaya ba, ka tabbatar ba a faifai ɗaya mai ciwo suke ba.

Musa Kakuri, 10:30

Ni dai zan faɗi abin da ke raina. Microsoft sun daina tallafa wa Exchange 2016 da 2019 tun 14 ga Oktoban 2025. Mun ga abin da ya faru a Maris 2021 da aka bi sabobin Exchange na duniya ana fasawa ta ramin ProxyLogon. Ofis mai mutum 300 yana sayen dizal da batir don riƙe sabobi biyu, ga yaro ɗaya ba ya barci. A mayar da imel ɗin Microsoft 365 a huta.

Malam Sabi'u, 10:52

Musa, kuɗin wancan da dala ake lissafa shi, kowane akwati kowane wata, ka san kuma yadda naira take. Akwai ofisoshin da in intanet ya yanke, imel na cikin gida shi ke riƙe aiki. Kuma komawa can ba ya ɗauke maka nauyin ajiya, wasiƙar da aka share ta wuce wa'adinta ta tafi sai in ka yi tanadi. Inda na yarda da kai shi ne ba za a zauna kan 2016 ba. Sabon Exchange, Subscription Edition, ya fito a Yulin 2025, amma daga 2016 ba a hawa kansa kai tsaye a saba ɗaya, sai an girka sabbin sabobi an kwashe akwatuna. Aiki ne na kasafi, Abba ya rubuta wa ogansa a takarda.

Musa Kakuri, 11:04

A lissafa dizal da batir da lasisi da faifai a gefe ɗaya, dala a ɗaya gefen, sannan a yi magana. Na yi wa ofisoshi biyu wannan lissafin, ɗaya ya tafi, ɗaya ya zauna.

Hajiya Rabi, 11:10

Ku buɗe wa wannan zare nasa daban, zan shigo, don akwai maganar dokar kare bayanai ta 2023 a ciki. Nan a bar Abba ya gama.

Abba Kawo, Alhamis 7:25 na safe

Barkanmu da kwana. Ga inda aka tsaya.

Sabar ta koma OU ɗinta, rukunin bai sake canjawa ba tun jiya ƙarfe 10. Kuskuren IIS ma ya ɓace. Cikakken kwafin DB3 da DB4 ya kammala kafin la'asar. Kamar yadda Oga Yohanna ya ce, log bai ragu ko kaɗan ba a lokacin. Na duba saba ta ɗaya, katin RAID mai sarrafa faifai yana nuna batirinsa ya mutu, rumbunan biyu kuma a kundin faifai ɗaya suke. Na kashe ajiyar rubutu ta katin kafin a kawo sabon batir. Bayan magariba na shuka DB4, bayan isha'i DB3, duka suka koma Healthy, layin jira sifili. Kwafin ƙarfe 11 ya ɗauki huɗun, da safen nan faifan log yana da 91 GB a sake, `Get-MailboxDatabase -Status` kuma yana nuna LastFullBackup na daren jiya ga kowanne.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara ilimi.

Injiniya Yohanna, 7:50

Amin. Saura abu ɗaya kafin ka rufe. Ɗauko kwafin DB3 na jiya ka zuba shi a wani faifai, ka ƙirƙiri rumbun ceto da `New-MailboxDatabase -Recovery`. Zai zo maka a Dirty Shutdown, haka kwafin VSS yake zuwa, sai ka shigar masa da log ɗinsa da `eseutil /r` ya koma Clean. Ka hau da shi, ka ciro akwati ɗaya da `New-MailboxRestoreRequest` zuwa akwatin gwaji, ka buɗe wasiƙa ɗaya ka karanta.

Nafisa, 8:02

Yaya Abba, in za ka yi wannan gwajin zan iya zuwa in gani? Ban taɓa ganin an dawo da rumbu ba, a takarda kawai na karanta.

Abba Kawo, 8:09

Ki zo ranar Asabar ƙarfe 10, ofis babu mutane. Zan nemi izinin oga yau, in ya amince zan turo miki kwatance. Za mu yi da akwatin gwaji, ba na ma'aikata ba. Daga nan kuma zan matsar da DB1 zuwa saba ta biyu in bar shi ya kwana, kamar yadda Baba Sabi'u yake yi.